A Kan Dutse Ba a Cewa Ba Gajiya

Talata Mafara,
Laraba, washegarin kasuwa.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa, da addu'ar da ba ta yankewa safe da maraice. Yaya jiki, yaya ƙafar, yaya sanyi, yaya baƙunta? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Malam babanka na gaishe ka. Ƙanwarka Rabi ta zo daga Jangebe da ɗiyanta, ita ma tana gaishe ka. Ka gaida abokan tafiyarka, na Damri da na Garbadu, ka ce musu gidajensu ƙalau.

Takardarka ta iso, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Amma kafin ta zo, Garba direba ne ya fara iso mu, wannan mai jan motar ma'aikatan dam. Ranar kasuwa ya tsaya a zaure ya yi ta gaisuwa ba ta ƙarewa, har na gane akwai magana a bakinsa. Daga ƙarshe ya ce an bugo waya daga Italiya, ɗaya daga cikin yaranmu uku da anka kai koyon gyaran manyan injuna ya ɓace a kan dutse, kuma ba a faɗi ko wane ne ba. Malami, ban san haka zuciyata take ba sai ran nan. In roƙi Allah kada ya zama kai ne, sai in tuna waɗancan biyun su ma uwaye sunka haife su, in yi istigfari, in sake komawa ga roƙon da na tuba a kansa. Daga baya anka tabbatar kai ne. To ranar da Garba ya dawo yana haki ya ce an same ka da ranka, ni, Hajiya guda mai jikoki, na tsaya tsakar gida na rangaɗa guɗa, har babanka ya fito da carbi a hannu yana tambayar wa ta haihu. Na toya waina na raba wa unguwa kaf. Har yau in ina aiki sai in ji ina murmushi ni kaɗai.

A ƙarshen takardarka ka ce likita ya ceci yatsun ƙafarka, kuma za a ƙara matsawa da ku can sama, inda ake gina wani dam tsakanin duwatsu, ku ƙarasa watannin da sunka rage. Ka ce in na ce ka dawo, za ka ajiye koyon aikin ka dawo. Babanka ya riga ya yanke nasa. "Hajiya, rubuta mishi ya taho gida, abin ya isa hakanan." Rabi kuma kuka kawai take, tana cewa a dawo mata da yayanta. Amma ni ka tambaya, ni kuma zan ba ka amsa. Sai dai ba za ka same ta ba sai ka fara jin abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san ɗan fari ba a zama da shi a yi doguwar hira. Takarda kuwa ba ta da idon da zan ji nauyi. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Wuri ɗaya a takardarka na karanta na sake karantawa. Ka ce ranar hutu ce, kunka hau dutse yawon buɗe ido kai da Turawan da kuke aiki tare. Tun tsakiyar hawa kanka ya fara sarawa, numfashi ya yi maka wuya, ƙafafunka sunka yi nauyi. Baturen da ke jagorantarku ya juyo ya tambaye ka, ba sau ɗaya ba, ka ce masa ba komai, don kai kaɗai ne baƙar fata a tafiyar, ba ka so a ce ɗan Najeriya ne ya fara gazawa. Sunka yi gaba bisa maganarka, ka yi ta zama baya, gajimare ya sauko ya raba ku. Da na zo nan sai na ajiye takardar na yi dariya, dariyar da ba ta daɗi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wallahi abin da na yi ke nan, kuma kana wurin, a cikina.

Ka san ta ƙasa munka je Hajji, ni da babanka, ina yarinya ɗanya. Ka san a Masawwa anka haife ka, bakin teku. Abin da ba ka sani ba shi ne duwatsun Habasha da munka ratsa kafin mu kai can, da irin wautar da uwarka ta tafka a kansu.

Da za mu baro Maradun, kakarka ta ba ni gwado, saƙar hannu, mai kauri da nauyi. Na ɗauko shi a ka tun daga gida har Kasala, gari na ƙarshe a Sudan kafin a shiga Habasha. Zafin Kasala kuwa, Malami, na Mafara a watan bazara wasan yara ne. Na dubi gwadon ga na ce, ni wa ya aike ni? Na samu wata mata na musanya shi da wani mayafi shara-shara mai furanni, ina ta jin daɗi na yi dabara. A nan munka samu jagora, wani dattijo mai raƙuma, Musulmi, sunansa Idirisu. Da Larabci suke magana da babanka, shi kuma ya fassara muna. Ya bi kayan kowa yana dubawa, da ya zo kaina ya ce ina abin rufata. Na ɗaga mayafin. Ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai. Ni kuwa a raina na ce tsohon ga zafi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Da munka hau sama, sanyin da na sha har cikin haƙorana na ji shi, kuma babu gwadon saya ko na aro.

Kai ma ka ce da takalmin roba da riga ɗaya ka hau, don rana na haskawa a ƙasa. To daga yau, in za ka haɗa kaya, kada ka dubi yadda gindin dutse yake, ka tambayi waɗanda sunka san samansa. Riga bisa riga, wadda in zafi ya zo ka tuɓe ɗaya, in sanyi ya zo ka mayar. Takalmi sau-ciki mai riƙe ƙasa, da safa mai kauri, da wata busasshiya a jaka. Hular da ke rufe kunne, ko da za ta maishe ka kamar dodon gona. Babu wata budurwa da ke jiranka a kan dutse balle ka ce kwalliya za ta ɓaci.

Bayan mun baro Kasala munka shiga ƙasar da duwatsu ke can nesa, shuɗi-shuɗi. Wata rana da azahar munka iso wani busasshen rafi, faɗinsa ya kusa gulbinmu, yashi fari tas, ga inuwar itatuwa ta faɗo ciki. Ka san mu mutanen gulbi. Daga Maradun har Bakura, da rani yashi shi ne falonmu. A nan muke hutawa, a nan muke tonon ruwa, a nan yara ke kokawa. Ina ganinsa na ji kamar na zo gida. Na shimfiɗa tabarma, na tuɓe takalmi, na haɗa murhu na ɗora tukunya. Sai ga Idirisu yana ɗaga murya, wai kowa ya tashi ya hau gaɓa, can cikin ƙaya da duwatsu masu zafi.

Na ce wa babanka, "Malam, tambaye shi ko lafiya."

Ya ce, "Wai ruwa yake tsoro."

Na ɗaga kai na dubi sama, wasai, ko gajimare ɗaya babu. Na ce, "Ruwan mi? Ka ce mishi in tukunyata ta tafasa na taso."

Kowa ya tashi, ni na zauna ina fifita wuta. Tsohon ya juyo. Ya zo ya naɗe hannunsa da rawani, ya sauke tukunyar daga murhu, ya yi gaba da ita. Ni kuwa ba don na yarda ba, don tukunyata, na bi shi ba takalmi ina masifa da Hausa, shi ko a jikinsa. Ban gama zare ƙayar da ta soke ni a gaɓa ba munka ji wani ruri daga sama, kamar manyan motoci na tahowa a jere. Sai ga ruwa jajawur, ya fi tsayin mutum, yana juya kututturan itace. Tabarmata da takalmana ban sake ganinsu ba. Rana kuwa na nan tana dukanmu a ka, ko ɗigo ɗaya bai sauko muna ba.

A ƙasarmu hadari na da ladabi. Daga gabas yake tasowa, ka gan shi tun da nisa, ya ba ka lokaci ka kwashe shanya ka kora awaki. A ƙasar duwatsu ruwa na zuba inda ba ka gani, ya biyo kwari ya iske ka. Yanzu ma tun da anka yi dam, mutanen Bakura sun fara sanin ruwa na iya tahowa sama na wasai, in an buɗe ƙofa daga can. Don haka kada ka zauna cikin kwari ko ƙorama don ka ga ta bushe. Kuma in ɗan ƙasa ya ce tashi, ka tashi tukuna, ka yi gardamar a tudu. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa ran nan ga makanta ga baki.

To yanzu ga babbar. Tun kafin mu bar Sudan na san ina da ciki. Ban gaya wa kowa ba, har babanka. Cikin fari ne, ina zan kai kunyar? Daga wani gari da ake kira Karan hanya ta miƙe sama sosai zuwa Asmara. Za ka hangi ƙauye ka ce kafin la'asar mun isa, ku yi ta tafiya har rana ta faɗi yana nan inda yake, don tsakaninku akwai kwazazzabon da ido bai nuna maka ba. Kanawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba, to can na ga ma'anar maganar. Kaina ya fara sarawa kamar ana daka a ciki. Zuciyata na tashi, abinci ya ƙi shiga. In na yi 'yar tafiya kaɗan sai in ji kamar na yi gudu daga gona zuwa gida. Ga sanyi, ga mayafin furanni.

Idirisu na da alfadari guda da ya ware don wanda ya gaza. Duk inda anka tsaya hutawa sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana duban fuskokinsu. In ya zo kaina ya daɗe yana kallona, sai ya ce wa babanka ya tambaye ni.

Babanka ya ce, "Wai ina gajiya?"

In ce, "Ba gajiya."

"Wai kanki ba ya ciwo?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Kada ka ce ban fahimci tambayar ba. Na fahimta sarai. Na san ba gaisuwa yake yi ba, so yake ya san wa zai ɗora a alfadari. Amma akwai tsofaffin mata a ayarin suna takawa da ƙafarsu, ni yarinya in hau dabba? Su ce ɗiyar Maradun raguwa ce? Ko kuma su dube ni su gane abin da nake ɓoyewa? Bakina ya saba da amsar tun ina ƙarama, ita ke fita da kanta kafin in yi tunani. Haka anka rene mu. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi.

Munka zo wata siririyar hanya, dutse a dama, rami a hagu wanda ba a ganin ƙarshensa. Abin da na sani kawai shi ne ƙasa ta juya, idona ya yi duhu. Babanka na bayana. Gefen zanena ya cafko, ya fizgo ni munka faɗi tare jikin dutsen. Ya ce ƙafata ɗaya ta riga ta bar hanya. Da na farfaɗo matan sun kewaye ni da mayafai, kuma sun ga jini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da na ɓoye wa mijina, ayari guda ya ji shi a lokaci ɗaya.

Ban taɓa ganin fushin Idirisu ba sai ran nan. Tsohon da ko masifata a bakin rafi ba ta motsa shi ba, ya tsaya a kaina yana faɗa. Babanka ya so ya tausasa fassarar, na ce ya faɗa mini yadda take. Ya ce, "Cewa ya yi, shi ba ya iya shiga jikinki ya ji abin da kike ji. Bakinki shi ne idonsa. Da kin faɗa tun jiya, da alfadari ya isa. Yanzu sai mutum huɗu sun ɗauke ki a hanyar da mutum ɗaya ke bi da ƙyar, kuma in ɗayansu ya zame, a wuyanki."

Haka anka yi. Maza huɗu, masu iyali, sunka ɗauke ni cikin bargon wani, sunka juya da ni ƙasa zuwa wani ƙauye da munka wuce. Ina kwance ina jin numfashinsu, ina jin tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafafunsu tana faɗawa ramin. Kunyar da na guda ta hawan alfadari, na sha wadda ta ninka ta. Ayari ya wuce ya bar mu. Hajjin wannan shekarar bai same mu ba, sai ta gaba, kana goye a bayana. Kai kuwa Allah ne kawai ya riƙe ka, don matan sun riga sun fid da rai da cikin.

A ƙauyen nan babanka ma ya yi tasa, kuma tun da shi ya ce in rubuta maka takarda, sai ya haƙura in tona shi. Wata mata ta ba mu ɗaki. Kirista ce, da zanen gicciye a goshinta. Ɗakin na dutse ne da laka, rufinsa ƙasa, taga ɗaya 'yar mitsitsiya. Ina ta kakkarwa, haƙorana na haɗuwa. Bawan Allah ya ji tausayina, ya yi abin da kowa ke yi a gida in sanyi ya tsananta. Ya samo kasko ya cika da gawayi ya hura, ya ajiye kusa da ni, ya toshe tagar da rigarsa, ya ja ƙofa ya rufe ruf, ya tafi sallar azahar da neman abin da zan ci. Na ji ɗumi, na ji daɗi, sai wani barci mai nauyi ya fara jana. Matar ga ta dawo daga ɗiban ruwa ta ga taga a toshe. Ta banke ƙofar, ta kamo ƙafafuna ta jawo ni waje kamar buhun gero, tana ihu da yarensu tana marin kumatuna. Na yi amai har na gode Allah. Da babanka ya dawo da 'yar gurasarsa, ta tare shi da faɗa, ba ya jin ko kalma ɗaya, ya tsaya yana ta cewa na'am, na'am. Har gobe in na so tsokanarsa sai in ce, "Malam, a kawo kasko?"

Ɗakinmu na ciyawa yana numfashi, hayaƙi na fita ta ko'ina, shi ya sa kaskon wuta ba ya kashe mu. Nasu a rufe yake don sanyi. Na san ku, ku uku, in sanyi ya matsa muku za ku kunna risho ko wani abin ɗumama ɗaki ku toshe kowace kafa. Kada ku kuskura. Ku tambayi masu gidan yadda ake ɗumama shi, ku bar wa iska hanya. In kun ji ciwon kai da barci sun zo muku tare a ɗaki mai wuta, ku fita waje ko da ba riga. Kuma ka ga wadda ta cece ni ba addininmu ɗaya ba, ko sunanta ban riƙe ba. Kada ka raina mutanen da kake cikinsu, ka gaishe su, ka san maƙwabcinka, don ranar tsiya shi ne kusa.

Da na ce na koyi darasi a duwatsun nan, da na yi ƙarya. Mun dawo gida na rene ka yadda anka rene ni. Kana tuna ranar da kunama ta harbe ka a gonarmu ta Maradun, kana ɗan yaro, ka dawo gida ka zauna shiru har sai da na ga ƙafar ta kumbura? Maimakon in ce don mi ba ka faɗa ba, sai na bi maƙwabta ina yabonka, wai ɗana namiji ne, ko uhum bai ce ba. Kana jina, na ga yadda ka ɗaga kai. Ni na dasa maka abin ga da hannuna, ban san a kan dutsen Turawa zai yi 'ya'ya ba. Dauriya abu ne mai kyau, ba na ce ka zama mai raki ba. Amma wurinta daban. A gaisuwar safe ka ce ba gajiya, ladabi ne. In jagora ko likita ko abokin tafiya ya tambaye ka, ka faɗi abin da ke akwai, tun yana ƙarami. Kaina na ciwo. Ba na jin yatsuna. Na gaji, mu tsaya. Ba zan iya ba, zan koma. Ka koyi faɗin waɗannan da yarensu kafin ka koyi sunan kowane ƙarfe.

Sauran kuma ƙanana ne, amma ka riƙe su. Kada ka fita ko nan da can ba ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo ba, don wanda ba a san inda ya nufa ba, ba a san inda za a neme shi ba. Kada ka hau kai kaɗai, kuma kada ka bari na gabanka ya ɓace maka. Ka hau a hankali, jiki ya saba, sannu ba ta hana zuwa. In ciwon kan nan ya dawo, maganinsa sauka, ba ƙarin hawa ba. Mu da rana muke auna lokaci, to can dutse na haɗiye ta tun la'asar, sai ka juyo da sauran haske mai yawa, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Jakarka kada ta rabu da ruwa ko ba ka jin ƙishi, da dabino ko wani abin tauna, da tocila, da ashana, da usur irin na 'yan ƙwallo, don murya na ƙarewa. Fasfonka da adireshin masaukinku, rubuce da yarensu, su zauna a aljihun ciki, cikin leda. Duk inda anka sauke ku, ka fara sanin ina asibiti yake da wanda ake kira in abu ya faru. In gajimare ya sake rufe ka, abu ɗaya da ka yi daidai ka maimaita shi, wato ka samu mafaka ka tsaya wuri ɗaya, kada ka yi ta lalube a bakin rami.

Batun salla kuma, na tambayi babanka don kada in faɗa maka da ka. Ya ce addini bai ce ka kashe kanka ba. Ka ɗumama ruwan alwala in da hali. In ruwan zai cutar da ƙafar ga da likita ya yi wahala a kanta, ka yi taimama. In kana tafiya mai nisa akwai kasaru. Ya ce Allah da ya halicci ƙanƙara ya san da ita, kada ka fi malamai tsanani.

To, Malami, ga amsarka.

Na kwana biyu ina juya ta. In na ce ka dawo, ka dawo ga mi? Gonar kakanka tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori, masunta ke jefa koma a kanta. Abin da ya rage wa irinku shi ne injunan ga da ke tura ruwa da nome filayen Bakura, kuma wanda ya san cikinsu shi zai riƙe gida. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ba dutse ne ya kusa kashe ka ba, kamar yadda ba shi ya kusa kashe ni ba. In na kira ka yanzu, za ka dawo mini da halin nan cikakke, kana ganin laifin ƙasar mutane ne. Halin kuwa ko a fadama yana kashe mutum, a ƙarƙashin inji ko a kan gadon ciwo.

Ka zauna ka ƙarasa abin da ya kai ka. Na yarje maka.

Amma da sharaɗi, kuma ba na wasa. Kafin ka sake taka dutsen nan, ka je ka samu Baturen da ya jagorance ku, gaban waɗanda sunka fita nemanka cikin sanyi, su ma da iyalansu a gida. Ka ce masa, ka tambaye ni na ce ba komai, alhali da komai, ka yafe mini. Na san zai yi maka nauyi fiye da hawan. Ni ban samu yi wa Idirisu haka ba, ayari ya wuce da shi ina kwance, ban sake ganinsa ba. In ka yi, ka rubuto ka gaya mini abin da ya ce. In ka ji ba za ka iya ba, to ka haɗa kayanka ka taho, don wanda bai iya faɗin wannan a ƙasa ba, ba zai iya faɗin na gaji a sama ba.

Babanka zai yi fushi na kwana biyu, ka bar ni da shi. Rabi ma za ta haƙura. Ni ce dai ban san yadda zan yi da kaina ba, kuma tun da na ce ka daina ɓoyewa, ba zan ɓoye maka ba. Tsoro nake ji, Malami. In na ji tsayuwar mota a ƙofar gida gabana faɗuwa yake, kuma haka zai ci gaba har ranar da na ji sallamarka a zaure. Ina son ka dawo fiye da yadda babanka da Rabi ke so, su biyun a haɗe. Duk da haka, ka zauna.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, samanka da ƙarƙashin ƙafarka. Ya riƙe ka a hawa, ya riƙe ka a sauka. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya saka wa waɗanda sunka nemo ka da alheri. Ya buɗe maka aikin da ka je koyo, ya buɗe bakinka a inda shiru ke cutarwa. Ya dawo mini da ku, ku ukun, kowa da ƙafafunsa, mu gan ku da idonmu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Innarka.